Matse kafireta ba tsimin mai ba ne

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu babura idan sun je gareji: "Injiniya, a ɗan matse mini kafireta, tana shan mai." Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A gari irin Danko, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, babur ne ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko buhun dawa daga gona, shi ne kuma jarin ɗan kabu-kabu. Don haka ba abin mamaki ba ne mutum ya nemi duk wata dabara da za ta sa lita ɗaya ta yi masa nisa.

Sakamakon wannan dabara yana nan kan hanya ga duk mai kunne. Babur yana tari idan an murɗa totur, yana mutuwa da zarar an sake shi, da safe sai an yi kik har ƙafa ta gaji, idan an zo gangara kuma salansa ta dinga harbi kamar ana wasan bindiga. Da yawa cikinsu tsofaffin ƙarfe ne, irin su Honda CG125, Suzuki A100, Yamaha YB100, Jincheng da roba-roba, waɗanda uba ya hau shekara da shekaru kafin ya bar wa ɗa. Ɗan da ya gaji irin wannan babur yana da abin da ubansa bai samu ba, wato waya mai makirufo da kyamara da GPS a aljihu. Abin takaici, yawanci iyakar aikin da wayar ke yi a gareji shi ne haska fitila.

Ƙaramin sukurun da ke jikin kafireta shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa idan babur na ciwo. Matse shi ba ya rage shan mai yadda ake zato, kuma wanda ya juya shi ba tare da ya auna komai ba, ba shi da hanyar sanin ko gyara ya yi ko ɓarna.

Yadda take aiki

Kafireta ba ta da batir, ba ta da manhaja, ba ta san komai game da injin da take ciyarwa ba. Bututu ce kawai mai ƙunci a tsakiya. Idan fistin ya sauka ya zuƙo iska, iskar na ƙara gudu a wurin ƙuncin, matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga ɗan kofin da ke ƙasa ta wasu ƙananan ƙofofin tagulla da ake kira jet. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Venturi, ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta bututu tun 1797, shi ya sa har yau ake kiran ƙuncin da sunansa.

Domin fetur ya ƙone tas, kowane giram ɗaya yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska. Idan aka juya lissafin zuwa lita, lita ɗaya ta fetur na tafiya da iska kusan lita 9,000. Wannan lamba kaɗai ta isa ta nuna cewa kafireta ta fi mu'amala da iska fiye da mai, amma da wuya a ji wani ya je gareji ya ce a duba masa iska.

Fetur na bi ta hanyoyi uku ne, kuma totur ne ke zaɓar wadda ke aiki. Daga silo zuwa kusan rubu'in totur, ƙaramin jet ne ke ciyar da injin. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, aikin na hannun wata doguwar allura mai tsini da ke ɗagawa tare da totur, tana buɗe wa mai hanya a hankali. Daga nan zuwa ƙarshen totur kuma babban jet ne ke da iko. A waje akwai sukuru biyu. Babban mai sifirin yana ɗaga silo ko ya sauke shi. Ƙaramin, wanda ake ta matsewa, yana daidaita haɗin mai da iska ne a hanya ta farko kaɗai.

Ɗan kabu-kabu da ya ɗauko fasinja daga Danko zuwa Zuru, kusan duk tafiyarsa a kan allura yake yin ta. Man da yake ƙonawa a hanya bai bi ta ƙarƙashin ikon ƙaramin sukurun ba sai ɗan kaɗan. Abin da matsewar ta saya masa shi ne babur mai wuyar tashi da mutuwa a kowace tsayawa. Sai bakanike ya ɗaga babban sukurun don kada ya dinga mutuwa, injin ya koma yana kuka a tsaye, ɗan man da aka tsimin ya fita ta nan.

Akwai kuma wani ruɗani da ke sa a yi akasin abin da aka yi niyya. Ƙaramin sukurun iri biyu ne. Idan yana ɓangaren da iska ke shigowa, sukurun iska ne, kuma ɗaure shi rage iska ne, wato ƙara mai. Idan yana ɓangaren injin, sukurun mai ne, ɗaure shi na rage mai. Mutum biyu za su iya yin "matsewa" iri ɗaya a babura biyu, ɗaya ya shaƙe injinsa da mai, ɗaya ya bar nasa da yunwa, kowanne ya tafi gida yana ganin ya yi tsimi.

Masu matsewa ta gaske ba sa tsayawa a sukuru. Suna sauke allura ta hanyar matsar da kilif ɗinta, ko su lanƙwasa ɗan harshen fulot don man da ke cikin kofi ya yi ƙasa, wasu ma su cusa siririyar waya cikin babban jet. Gaskiya ita ce waɗannan suna rage man da ke shiga injin, kuma idan babur ya kasance tun farko yana shan fiye da kima, rage masa kaɗan na da amfani. Masu wannan dabara ba mahaukata ba ne, akwai abin da suka gani. Matsalar ita ce ba su da ma'aunin da zai ce musu ya isa haka.

Waɗannan injina ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su, kuma wani ɓangare na sanyin daga fetur ɗin kansa yake fitowa yayin da yake zama tururi a cikin silinda. Haɗin da mai ya yi ƙaranci a cikinsa yana sa kan injin ya yi zafi fiye da yadda aka tsara. A ɗora wa irin wannan babur buhu biyu da mutum biyu a watan Afrilu, a kama hawa, to bawul ɗin hayaƙi na gasuwa ne a hankali, fistin na kumbura har wata rana ya kama. Kafin ma a kai nan, babur ɗin ya rasa ƙarfi, mai shi na murɗa totur fiye da da, yana zama a ƙaramin giya, tsimin na zubewa bai sani ba. A injin mai bugu biyu irin Jincheng da A100 abin ya fi muni idan an cire famfon baƙin mai ana haɗa shi da fetur a tanki, domin rage fetur a nan rage man da ke shafa fistin ne kai tsaye. An gudu gara an faɗa gidan zago: kuɗin fistin da ringi da gyaran bulok sun cinye tsimin watanni.

A wannan yanki kuma batun ya wuce kuɗi. Danko/Wasagu na cikin wuraren da suka sha fama da hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Babur da zai mutu a tsakiyar daji tsakanin Maga da Ribah da yamma, ya ƙi tashi sai ya huce, ba abin da za a yi wasa da shi ba ne saboda rabin lita.

A fara daga inda matsalar ta fi zama

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida idan manhaja ta fara shirme. Ba a taɓa komai sai an gano daidai lokacin da matsalar ke faruwa, ana canza abu ɗaya ne a lokaci guda, kuma ana ajiye yadda abin yake kafin canjin don a iya komawa. Wanda ya canza wuri biyar lokaci ɗaya, ko da manhajar ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, gobe idan ta dawo sai ya sake lalube. Abin da ke faruwa a gareji ke nan idan aka kwance kafireta, aka canza fulogi, aka juya sukuru biyu, aka ɗaga allura, duk a zama ɗaya.

Tambayar farko ita ce yaushe babur ɗin ke ciwo. A silo ne, ko a tsakiyar totur, ko sai an ƙure shi? Da sanyi ne ko bayan ya ɗauki zafi? Amsar ita ke nuna wace hanya ce cikin ukun nan ake zargi, ko ma ta wanke kafireta gaba ɗaya. Cok ma kayan gwaji ne na kyauta. Idan injin ya yi zafi, aka ɗan ja cok ya ji daɗi, mai ne ya yi masa ƙaranci. Idan kuwa babur na tashi bugu ɗaya da asubar hunturu ba tare da cok ba, yana baƙin hayaƙi, man ya yi yawa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a injin bugu huɗu kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, maganar ringi ce ko robobin bawul, ko shekara aka yi ana juya sukuru ba zai daina ba.

Daga nan sai man kansa. A ƙasan kofin kafireta akwai sukurun zubarwa. A tara abin da ya fito a kwalba mai haske a bar shi ya natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa, tsatsar tanki da yashi ma za su bayyana. Inda ake yawan sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu, ga damina, ga tankin da ya shekara talatin, wannan gwajin na minti biyu na warware matsala da yawa. Ko man gidan mai ba a rantse a kansa ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai haɗe da sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma sinadarin na cin roba da irin ƙarfen da ake yin kafireta da shi. Akwai kuma wata 'yar ƙofar iska a murfin tanki. Idan ta toshe, babur zai yi tafiyar 'yan kilomita ya mutu kamar mai ya ƙare, a buɗe murfin ya tashi lafiya.

Sai iyakilina, wadda a ƙasar hunturu ta cancanci a daɗe a kanta. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 ne bayan ya tura ma'aikatansa a 1974 su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filifin, Iran da Pakistan su ga yadda ake amfani da babura. Sun tarar ana lodin da ya wuce kima, ana barin baƙin mai har ya lalace, ba a kai babur gareji sai ya tsaya. Suka tsara injin da zai jure wannan, suka sa masa matatar iska ta soso wadda za a wanke a mayar. Shekara hamsin bayan haka, ga soson nan a babura da yawa ya zama dunƙulen laka, ko kuma an cire shi an yar wai don injin ya sha iska. Soson da ya toshe tamkar tafiya ce da cok a ja, shi ne babban ɓarawon mai, kuma wanke shi da kananzir a matse a ɗan shafa masa baƙin mai bai kai kuɗin katin data ba. Wanda aka cire kuma yana barin iska ta yi yawa, ga ƙurar da ke cikin lita 9,000 ɗin nan tana shiga tana goge silinda kamar sanfefa.

Iskar sata ita ce ta uku. Robar ko gasket ɗin da ke haɗa kafireta da injin idan ta tsage, iska na shiga ta bayan fage. Alamarta ita ce silo ya ƙi zama wuri ɗaya, ko a sake totur injin ya daɗe yana kuka kafin ya sauko. A fesa ɗan ruwa a wurin haɗin yayin da injin ke silo, idan sautin ya canza an kama ɓarawo.

Wuta da bawul ba sa buƙatar dogon bayani, amma tsallake su ne ke sa a zalunci kafireta. Makanikai a ƙasashe da dama na da barkwancin cewa yawancin ciwon kafireta a wuta yake. Tazarar bakin fulogi a irin CG125 milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Tsofaffin da ba su da CDI suna da kwantak da ke cinyewa ya ɓata lokacin wuta. Tafet kuma ana saita shi ne injin na sanyi, milimita 0.08 a CG125, 0.05 a Honda C70 da danginta. Tafet da ya matse na kawo wuyar tashi da mutuwa a silo, daidai irin alamun da ake ɗora wa ƙaramin jet.

Idan duk waɗannan sun fita, to a kwance kafireta a wanke. A nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Lambar da ke jikin jet na kamfanin Keihin faɗin ƙofar ce, 38 na nufin kusan milimita 0.38. Tagulla na da laushi. Idan aka zura mata wayar birki ko allurar ɗinki ƙofar ta buɗe zuwa 0.42, ido ba zai ga bambanci ba, amma girman ramin ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari, kuma ba ya komawa. Babura nawa ne ke shan mai yau saboda an taɓa yi musu irin wannan wankin? A jiƙa jet a fetur, a hura da iska, a ɗaga shi a rana a ga haske zagaye. Idan dole sai an zura wani abu, gashin buroshi na roba ya wadatar.

Aikin da waya za ta yi

Yawancin tsofaffin babura ba su da agogon juyin injin, na gudu ma ya mutu tun zamanin da. Waya na iya cike duka biyun. Injin bugu huɗu mai silinda ɗaya na tashin wuta sau ɗaya a kowane juyi biyu. Silon irin waɗannan babura yana wajen juyi 1,400 a minti, wato bugu kusan 12 a daƙiƙa. A ɗauki sautin salansa da waya, a buɗe shi a kowace manhajar gyaran sauti da ke nuna zanen igiyar murya, a ƙirga tsinin da ke cikin daƙiƙa biyar, a ninka da 24. Tsini 58 na nufin juyi kusan 1,390. A injin bugu biyu da 12 ake ninkawa, sai dai shi yakan tsallake bugu a silo, lissafinsa bai cika zama daidai ba. Akwai manhajoji a Play Store da ke yin wannan ƙirgen da kansu, amma dole a gaya musu irin injin, in ba haka ba su ba da rabi ko ninki. Duk wadda ta nemi izinin shiga lambobin waya ko saƙonni don ta saurari salansa kuwa, a goge ta nan take.

Shan mai ma aunawa ake yi. GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, ba ya buƙatar data ko sabis, don haka manhajar ƙirga tafiya na aiki har a ƙauyen da ba a samun kira. A cika tanki zuwa wata alama, a yi zirga-zirgar da aka saba ta kwana biyu ko uku wayar na ƙirga kilomita, a sake cikawa zuwa alamar da mazubi ɗaya da aka san awonsa. Wanda ya yi kilomita 120 ya ƙara lita 3, babur ɗinsa na yin 40 a lita. Sai a canza abu ɗaya, a ce wanke soso, a sake aunawa. A ƙara wa taya iska, a ɗaure cen a shafa masa mai, a duba ko birki na kamawa, a sake aunawa. Mai yin haka zai ga da idonsa inda man ke tafiya, kuma sau da yawa tun kafin ya iso kan kafireta ya samu abin da yake nema.

Kyamara ita ce ajiyar yadda abu yake kafin a taɓa. Hoto kafin a kwance, hoton matakin da kilif ɗin allura yake, hoton lambar kowane jet. Hoton fulogi ma, a hasken rana ba tare da filasha ba. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙi mai gari kamar gawayi mai ya yi yawa, fari fat mai ƙuraje kuma gargaɗi ne. Sai dai fulogin da aka cire bayan babur ya daɗe a silo labarin silo kawai yake bayarwa. Mai son sanin halin allura sai ya yi tafiya a tsakiyar totur, ya kama kuloci ya kashe injin a haka, sannan ya cire.

Bidiyon YouTube da TikTok na da amfani wurin ganin cikin kafireta, amma a san da wa mai bidiyon yake magana. Ba'amurke mai Honda CB750, wadda ta fito a 1969 da kafireta huɗu, damuwarsa daidaita huɗun ne, da fetur mai haɗin etanol, da babur da ya kwana wata biyar a ɗaki saboda ƙanƙara. Babur ɗin Danko kafireta ɗaya gare shi, ba ya hutun ko kwana ɗaya, abokan gabarsa ƙura da ruwa a mai. Lambar jet da aka kwafo daga bidiyo ma tarko ce, domin Keihin da Mikuni ba hanya ɗaya suke lambanta nasu ba.

Duk wannan ba raina bakanike ba ne. Wanda ya shekara ashirin yana sauraren injina kunnensa na jin abin da waya ba ta ji, kuma yawancin matsewar da ake yi, mai babur ne ya nace, shi kuma yana tsoron kada kwastoma ya koma wurin maƙwabci. Bambancin da aunawa ke kawowa shi ne irin bayanin da ake kai masa. "Maigida, tana tari daga rabin totur bayan ta yi zafi, cok na taimaka mata, ga hoton fulogi" ya fi "ba ta jin daɗi" sau goma, kuma bakanike na ƙwarai zai fi kowa murna da shi.

Inda ya kamata a ja da shi shi ne saurin cewa a sayi sabuwa. Kasuwa cike take da kwaikwayon kafireta masu araha, wasu har da tambarin Keihin a jiki, jet ɗinsu ba lamba ko lambar ba ta dace da ramin ba. Tsohuwar ta asali an auna ta ne da wannan injin. In dai abin da ke hawa da sauka a cikinta bai cinye yana kaɗawa ba, zaren sukuru bai mutu ba, to abin da take buƙata gasket ne da 'yar allurar fulot da ke tsayar da mai idan kofi ya cika. Wannan 'yar allura ce ke sa babur ɗigar da mai a tsaye, asarar da ta fi duk abin da sukuru zai iya tsimi. Wanda ya canza duk da haka, ya karɓi tsohuwarsa ya kai gida.

Ba wanda zai ce kafireta ta fi sabon tsarin fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa. Wancan yana auna zafi da iska yana gyara haɗin da kansa, ya fi tsimi, ya fi tsaftar hayaƙi. Shi ya sa da Indiya ta fara aiki da dokar hayaƙi ta BS6 a ranar 1 ga Afrilu, 2020, yawancin baburanta na cikin gida suka koma kansa, yayin da Boxer da ake kawowa Najeriya ta ci gaba da zuwa da kafireta. Amma tsarin na son batir mai rai, famfon mai na lantarki, fetur mai tsafta da na'urar karanta matsala. Kafin waɗannan su zama ruwan dare a Danko da Bena da Wasagu, na'urar da ake kwancewa da sukudireba ɗaya a gindin bishiya ita ce ke hannu, kuma ta fi wayoyin da ake mannewa da gam mutunta mai ita.

Juya sukurun, idan lokacinsa ya yi

A waje ake yi, ba a cikin shago ko zaure a rufe ba, domin hayaƙin babur irin na janareta ne da ke kashe mutane cikin barci, kuma ba sigari a kusa. A yi tafiyar minti goma injin ya yi zafi. A ɗaure ƙaramin sukurun a hankali ana ƙirga juyi har ya taɓa ƙasa, a rubuta lambar a waya. Ba a ƙarfafa shi, tsininsa na karyewa a ciki. A warware juyi ɗaya da rabi a matsayin mafari, a tada injin, a ɗan ɗaga silo da babban sukurun. Daga nan rubu'in juyi ake yi, a jira daƙiƙa goma sha biyar, a duba waya, a sake. Ana neman wurin da juyin injin ya fi yawa ya kuma zauna daram. Idan an same shi, a sauke silo zuwa wajen 1,400 da babban sukurun, a murɗa totur sau biyu a ga ya amsa ba tari ya kuma sauko ba jinkiri.

Idan wurin bai samu ba sai da sukurun ya kusa rufewa, ko sai da aka wuce juyi uku, ko kuma ana juyawa injin bai ma san ana yi ba, to ba a gama da matakan baya ba. Akwai jet da ya toshe ko aka buɗe, ko iskar sata da ba a kama ba.

Saitin kuma ba na har abada ba ne, saboda kafireta ba ta jin yanayi. Iskar rana mai zafin digiri 40 ta fi ta asubar hunturu mai digiri 15 sauƙin nauyi da kusan kashi 8 cikin ɗari. Babur da aka saita a Janairu zai ɗan yi yawan mai a Afrilu, wanda aka saita a Afrilu kuma zai yi wuyar tashi idan hunturu ya dawo. Rubu'in juyi yakan wadatar, a rubuta shi tare da kwanan wata da kilomitar da lita ta yi a wannan makon.